Rabon Mai Tafi

Ɗan'uwa, ka taɓa tsayawa a kasuwar Zuru kana kallon mai dabo? Ka san sarai rufa-ido ne, amma ƙafa ta ƙi tafiya. Abin da ke riƙe masu kallon fim ɗin The Prestige na 2006 ke nan: 'yan dabo biyu a Landan, kowa yana farautar asirin abokin gabarsa. Don kada asiri ya tonu, an datse wa mutum yatsu biyu; mace ta rataye kanta. Duk saboda tafi. To, wa ke tafin?

Saul bai fara kishin Dawuda ba sai da matan Isra'ila suka auna su biyun cikin waƙa, su a ganinsu murna suke yi. Mu ma mukan auna masu wa'azinmu biyu a bakin majami'a, tun kafin mu kai gida.