Haƙƙin Ɗan Ƙwadago Mai Feshi a Wuyan Mai Gona

 Ya 'yan'uwa Musulmi, zancenmu na wannan mako ya shafi yaron nan da muke ɗauka ya goya famfon feshi a gonakinmu.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ƙasar Kura da Bunkure da Kadawa ta zama ba ta san hutun rani ba: shinkafa, tumatir, albasa, alkama. Tare da wannan ni'ima sai maganin ƙwari ya shigo, kuma feshi ya ƙaru ƙwarai bayan tsutsar da ta cinye tumatir a 2016. Wasu magungunan ta fata suke ratsa jiki, su toshe aikin jijiyoyi, mutum ya dinga zufa da amai da jiri. Mai feshi kuwa sau da yawa ba safar hannu, ba takunkumi, ƙafa a cikin ruwa. In ya gama a ce ya sha madara, alhali madara ba ta karya wannan guba.

A 2014 masana a Jami'ar Jihar Oregon ta Amurka suka nuna cewa awarwaron roba na silikon, in an sa shi a hannu kwanaki, yakan tsotsi magungunan da suka taɓa mai shi. Daga nan a kai ɗakin bincike a karanta. An gwada shi ga iyalan manoma a Diender ta ƙasar Senegal, aka samu magunguna iri-iri a jikinsa. Ba ya auna abin da ya shiga jini, amma yana shaida abin da ya isa fata.

To, ga tambaya: mai gonar da zai iya sani ya ƙi nema, yana da uzuri? Malaman fiƙihu sun sharɗanta a ijara cewa aiki da lada su zama sanannu ga ɓangarorin biyu, sun kuma hana ɓoye aibi a ciniki. Ɗan ƙwadago ya sayar da ƙarfinsa na yini ɗaya ne, bai sayar da lafiyarsa ba, domin ita amana ce, ba shi da ikon sayar da ita ko da ya so. Kiyaye rai kuwa yana cikin larurai biyar da Imam Gazali ya lissafa.

Wani zai ce ai yaron da kansa ya yarda. Yardar mai yunwa da bai san abin da ke cikin kwalba ba, ina ƙarfinta? Wani kuma zai ce awarwaron bai zo kasuwar Kura ba. Gaskiya ne, sai dai gargaɗi yana rubuce a jikin kwalbar, jan idon yaron ma awo ne.

Abin da nake tsoro shi ne ranar da awon zai zo a mai da shi hujjar sallamar wanda ya sha guba, a ɗauko sabo. Sakamakon awo haƙƙin mai jikin ne, a faɗa masa. Kuɗin safar hannu da takalmi da sabulu da na asibiti kuwa, a ganina, suna kan mai gona, ba a cire su daga ladan yini.