Gargada da Gargaɗi

Akwai wata tsohuwar gardama da har yau ba a raba ta ba, wato ko sauƙi yana ƙara wa ɗan Adam wani abu ne, ko kuwa rage masa yake yi. Wasu na ganin duk abin da aka samu ba tare da gumi ba, to ba ya albarka. Wasu kuma suka ce ai wahala ba ado ba ce, in an sami hanyar kauce mata sai a kauce. Muna so mu shiga wannan gardama ta wata ƙofa da ba a saba bi ba, wato ta kan keken hawan duwatsu, musamman irin wanda aka yi wa shokozoba gaba da baya. Mai karatu na iya cewa me ya haɗa keke da irin wannan magana? A yi mana haƙuri, za a ga haɗin.

Shi dai wannan keke a Amurka aka haife shi, a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya. A shekarun 1970 wasu samari, irin su Gary Fisher da Joe Breeze da Charlie Kelly, suka riƙa kwaso tsofaffin kekunan Schwinn masu nauyi suna gangarowa da su daga kan tsaunuka. A 1976 suka fara wata tsere da aka sa wa suna Repack, a kan wani gangare mai tsawon kimanin mil 2. Sunan ma daga wahala ya samo asali, domin kafin mutum ya iso ƙasa birkin baya ya yi zafi har giris ɗinsa ya ƙone, sai an kwance an sake ɗura wani. Waɗannan kekuna ba abin da ke tsakanin dutse da ƙashin mahayi sai taya da sirdi, kamar dai Raleigh ko Phoenix ɗin da muka taso muka gani a garuruwanmu. Duk gargadar hanya, hannu da gwiwa da ƙugu ne ke shanye ta.

Sai a 1989 kamfanin RockShox ya fito da shokozobar gaba, kuma a gasar duniya ta farko da aka yi a Durango a 1990, da ita Ned Overend da Greg Herbold suka ci. Ba a jima ba aka sa wa tayar baya tata. Daga nan surutu ya tashi. Tsofaffin mahaya suka ce an kashe gwaninta, wai yanzu kowane ɗan koyo zai bi ta kan duwatsun da su suka yi shekaru suna koyon yadda ake ratsa su. Ba za mu yi saurin kiran wannan magana hassada ba, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Amma kafin mu yanke hukunci, bari mu ga abin da ke faruwa ranar da mutum ya fito da sabon keken daga kwali.

Abin mamaki shi ne, wannan keke ba a hawansa haka nan a tafi. Sai an daidaita shi da jikin mai shi. Mafi yawan shokozobar yanzu da iska take aiki, kuma akwai wani ɗan famfo na musamman da ake ɗura mata iskar da shi. Mutum zai sa duk kayan da zai hau da su, hular kwano da takalmi da jakar ruwa, ya hau keken a tsaye cik, wani ya riƙe masa, sa'an nan ya sauka a hankali. A jikin shokozobar akwai wani ɗan zoben roba da ke nuna iyakar inda ta lotsa. Abin da ake so shi ne ta baya ta lotsa kamar kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na tsawon tafiyarta, ta gaba kuma ƙasa da haka kaɗan, wajen kashi 15 zuwa 20. Dalilin wannan lotsawa tun kafin a motsa kuwa, shi ne taya ta sami sararin miƙewa ta bi rami in ta tarar da shi, ba wai ta tsaya a sama ba. Wato keken ba dutse kaɗai yake tara ba, har da rami.

A nan ne muka fara ganin abin da masu sukar sauƙi ba su lura da shi ba. Wannan ɗan zobe ba ya karɓar ƙarya. Mutum na iya rage wa kansa kilo goma a bakinsa, amma zoben nauyinsa na gaskiya zai nuna. Wani kuma don ya ji an ce gwanayen tsere suna cika iska da ƙarfi, sai shi ma ya cika, alhali gudunsa bai kai rabin nasu ba. Sai ya ƙare da keke mai tauri kamar ice, ya biya kuɗin shokozoba bai ci moriyarta ba. Ma'aunin wani ba ya yi wa wani, zanen aro kuwa dama ba ya rufe katara. Ashe ke nan kafin keken ya ba ka sauƙi, sai ya fara tambayarka ko ka san nauyinka, ko ka san iyakar gwanintarka. Mutane da yawa sun fi iya jure ciwon hannu a kan amsa wannan tambaya.

Bayan iska sai wani ɗan maballi, galibi ja, wanda ke ƙayyade saurin dawowar shokozoba bayan ta lotsa. In ta cika saurin dawowa, keken zai riƙa tutsu kamar ɗanyen doki, yana neman jefa mahayi ta kan hannu. In kuma ta cika nawa, kafin ta miƙe daga dutsen farko ta ci karo da na biyu da na uku, sai ta dunƙule ta daina aiki. Ba wani lissafi da zai ba mutum amsa kai tsaye. Sai ya sami ɗan gajeren gangare guda, ya bi shi, ya murɗa maballin ɗis ɗaya, ya sake bi, ya saurari abin da jikinsa ya gaya masa. In ya taɓa abu biyu a lokaci guda, ba zai san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba. Wannan ma ai horo ne, ko da yake ba ya fitar da jini.

To amma fa ba mu wanke sauƙi tas ba. Ga inda maganar tsofaffin nan take da nauyi, ko da yake su ba ta nan suka ɗauko ta ba. A kan keke mai tauri, gargada gargaɗi ce. Da zarar gudu ya yi yawa, hannu zai fara sagewa, ido ya fara rawa, jiki da kansa ya ce a taka birki. Sabon keken kuwa yana shanye wannan gargada, tare da gargaɗin da ke cikinta. Mahayi na jin kamar a kan tabarma yake, alhali gudunsa ya wuce wanda ya saba. Duwatsun suna nan inda suke, ba wanda ya kwashe su; labarinsu ne kawai ya daina isowa. Kuma sanannen abu ne cewa in gudu ya ninka biyu, tazarar da ake bukata kafin a tsaya takan ninka kusan huɗu. Shi ya sa makonnin farko, lokacin da mutum ya fara jin daɗin keken amma idonsa bai koyi hangen nesa daidai da sabon gudunsa ba, su ne abin tsoro. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, kuma a nan jiki yana riga hankali sabawa.

Da a ce mahayin kaɗai abin zai shafa, da sai mu ce ruwansa. Amma hanyar daji ba tasa ba ce shi ɗaya. Akwai masu tafiya a ƙasa, da yara, da mahaya dawaki. Tun kafin zuwan shokozoba ma an fara wannan rigima a Amurka: a 1984 hukumar gandun dajin ƙasar ta hana shiga da keke cikin dazuzzukan da doka ta keɓe, kuma a 1988 wasu ƙungiyoyin mahaya na Kalifoniya suka haɗu suka kafa IMBA saboda ana ta rufe musu hanyoyi. Ƙa'idar da suka yarda da ita ita ce mai keke ne zai ba mai ƙafa da mai doki hanya. In an bukaci wannan ƙa'ida a zamanin da gargada ke rage wa mahayi gudu, ina ga yau da keken gangare ke da shokozoba mai tafiyar milimita 200?

Saboda haka mu ba ma cikin masu cewa a koma wa ƙarfe mai tauri don a nuna jarunta. Dattijon da gwiwarsa ta gaji, da macen da ta fara hawa tana da shekara 50, sun sami shiga dajin da a da ya fi ƙarfinsu, kuma ba mu ga laifin da suka yi wa kowa ba. Abin da muke ƙi shi ne mutum ya ɗauka cewa da ya biya kuɗin keke ya sayi gwaninta har da haƙƙin hanya. Aikin da gargada take yi masa a da kyauta, yanzu ya dawo wuyansa: shi zai riƙa auna gudunsa da ido da tunani, tunda hannunsa ya daina kawo ƙara.

Masu koyar da hawa sukan shawarci mai sabon keke da ya fara da hanyar da ya riga ya sani sarai, ya tafi da ɗan famfonsa a jaka, ya rubuta yawan iskar da ya ɗura da inda ya tsayar da maballi. Sukan ce ya ja birki a hankali sau da dama a fili kafin ya shiga gangare, domin sabon birkin faifai ba ya kamawa sosai sai ya ɗan goge. Sukan kuma ce a kwanar da ba a ganin bayanta, ya rage gudu kamar an gaya masa akwai mutum a can, ko da ya bi ta sau goma bai tarar da kowa ba.