Zaren Ulu da Kunnen Bakanike

Duk wanda ya saba kai mota gareji ya taɓa ganin wannan. Tsohon bakanike zai ɗaga bonet, ya ce a tayar da mota, sai ya ɗauko doguwar sukundireba ya ɗora bakinta a jikin inji, ya kara kunnensa a ƙotar. Yaran shago sun riƙo sifanoni, sun ƙagu a ce su kwance. Shi kuwa ya lumshe ido yana saurare. Can sai ya ɗago ya nuna wuri guda, ya ce, “Nan ne.” Ba ya kwance abin da bai ji kukansa ba.

Duk lokacin da na ga haka sai in tuna da Ken Miles, Baturen Ingila da aka haifa a 1918 kusa da birnin Birmingham. Yana ɗan shekara 15 ya bar makaranta ya shiga koyon aiki a kamfanin motoci na Wolseley. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke ya shiga soja, yana cikin waɗanda suka sauka a Normandy ta Faransa a 1944. Bayan yaƙi ya kama tseren motoci don sha'awa kawai. A 1952 ya koma Kaliforniya ta Amurka, ya harhaɗa motarsa da hannunsa daga kayan motar MG, ya ci tsere 14 a jere da ita a 1953.

A zamanin nan motocin Ferrari sun gagara a tseren awa 24 na Le Mans, sun lashe shi sau shida a jere daga 1960 zuwa 1965. Kamfanin Ford ya zuba kuɗi ya ƙera GT40, amma motar ta riƙa mutuwa kafin a kai ƙarshe. Sai aka miƙa ta ga mai harhaɗa motocin tsere Carroll Shelby, shi kuma ya ɗora Miles a kan gwajinta. Me Miles da abokan aikinsa suka yi? Sun yayyanka zaren ulu gajeru-gajeru, suka manna a jikin motar da salatif, ya shiga ya taka totur. Inda zaren ya kwanta lif, iska na wucewa lafiya. Inda ya miƙe yana rawa, akwai gyara. Gani ya kori ji. Haka suka bi motar gaɓa-gaɓa, birki da giya da sanyaya inji, har ta zama abin tsoro.

A 1966 Miles ya ci tseren Daytona, ya ci na Sebring. A Le Mans ma shi ke kan gaba, aka umarce shi ya sassauta don motocin kamfanin su ƙetare layi tare. Ya bi umarni, kofi ya faɗa hannun direbobin wata motar Ford ɗin, Bruce McLaren da Chris Amon. Bai yi zuciya ya ajiye aiki ba. Bayan wata biyu, ranar 17 ga Agusta, yana gwada sabuwar mota a filin Riverside ta ƙwace masa, ya rasu yana da shekara 47. Samfurin motar nan aka gyara, aka ƙara masa ƙarafan kare direba, ya ci Le Mans a 1967.

Abin lura a nan, jarin mutumin nan ido ne da kunne da haƙuri. Kowane abu yakan yi kuka kafin ya lalace. Bango yakan tsage kafin damina ta kayar da shi. Yaron da ya saba surutu yakan yi shiru kafin a gano damuwarsa. Tsohuwa takan rage cin tuwo kafin ciwo ya kwantar da ita. Mu kuwa sau da yawa kamar yaran shago muke, sifana a hannu, muna gaggawar kwancewa ba mu saurara ba.

In ka shiga gida yau, kafin ka ce komai, tsaya ka kasa kunne tukuna.