Gyaran Gida: Tsakanin Halal da Tadlisi

Wanda ya mallaki gida a benayen bakin teku, irin na Iskandariyya, inda iskar gishiri ke ratsa siminti har ta ci rodin da ke ciki, in ya tashi sayarwa ya sake bututun ruwa da tagogi, to ribarsa halal ce, domin mai saye zai mori abin da ya biya. Amma wanda ya ga bango ya tsage, tsatsa tana tsattsafowa, ya shafe da fenti ya yi gum, fuƙaha'u suna kiran aikinsa tadlisi, ɗan'uwan ƙin tatsar akuya kafin a kai ta kasuwa. Kuma a mazhabar Malikiyya, muddin aibin ya girmama, mai saye yana da haƙƙin mayar da gidan.