Tsanaki Kafin Harsashi

Tsadar haya a Garki da Wuse ta kora dubban magidanta zuwa Kuje, kuma kowa da burinsa ɗaya: ya samu gindin zama, ya huta da ƙwanƙwasar mai gida a ƙarshen shekara. Buri ne mai kyau. Abin da ke ɓata shi garaje ne, shi ya sa nake ganin tsanaki na cikin manyan halayen da mazaunin wannan yanki ke bukata.

Dillali zai kai mutum wajen Kuchiyako ko hanyar Pegi, ya nuna masa fili da baki, ya ce: "Alhaji, akwai wani da zai kawo kuɗi gobe." Wannan jimlar ta cinye gumin mutane da yawa. Sai ka ga an biya, an karɓi takarda mai hatimi, tifa ta sauke yashi, birkila ya ja igiya, duk cikin mako guda. Ba wanda ya tambayi asalin takardar.

Alhali ƙasar Abuja ba kamar ta Kano ko Zariya ba ce. Tun dokar da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Babban Birnin Tarayya da ita a 1976, filayen yankin suka koma hannun Gwamnatin Tarayya, kuma sashe na 297 na tsarin mulkin 1999 ya jaddada hakan. Ministan Babban Birnin Tarayya ke ba da takardar mallaka. Hatimin mai unguwa, duk da girmansa a idon jama'a, ba ya tare katafila. Waɗanda suka ga rusau na zamanin da Malam Nasir El-Rufai ke ministan birnin, tsakanin 2003 da 2007, sun san ma'anar jan fentin da jami'ai ke shafawa a bango. A lokacinsa aka kafa AGIS, ofishin da ke riƙe da bayanan filaye, inda mai saye zai iya bincika ko takardar da aka miƙa masa tana da rai. Zirga-zirga ce, akwai jira, akwai ɗan kuɗi. To amma tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

Wasu na ɗaukar bincike rashin tawakkali ne, ko zargin ɗan'uwa Musulmi. Ban yarda ba. Kuɗin da ake zubawa a harsashi ba na magidanci kaɗai ba ne. Akwai adashen matarsa a ciki, akwai kuɗin makarantar da aka jinkirta, wani lokaci har da gadon marayu. Wanda ya tsaya ya bincika, amanar waɗannan ya tsare.

Akwai kuma waɗanda aka tarar. Gade da Gbagyi sun noma doya a wannan ƙasa tun kafin a yi mafarkin Abuja, kuma Gomo na Kuje na nan a gadon sarautarsu. Fili na iya samun takarda lafiyayya alhali gonar wani ce da ba a biya shi diyyar amfaninsa ba. Mai tsanaki yakan je ya gaida dattawan wurin, ya tambayi wa ke noma nan bara, an sallame shi ko ba a sallame shi ba. Da wannan manomin zai yi maƙwabtaka, rijiya ɗaya 'ya'yansu za su sha.