Tanadin Iska da Mas'alar Tawakkali

Malamai sun daɗe suna tattauna ko mutumin da ya ajiye abin gobe ya fita daga sahun masu tawakkali, har Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 ta Hijira, ya tsaya a kan mas'alar cikin Ihya'u Ulumiddin, inda ya bambanta darajar mai ajiye abincin yini ɗaya da ta mai ajiye na kwana arba'in da ta mai ajiye na shekara. Wannan tsohuwar mas'ala, wadda asalinta maganar hatsi ce da dabino, ta sake tasowa a zamaninmu ta wata fuska, domin mutane sun sami dabarar adana ƙarfin iskar da ta kaɗa yau, don su haskaka gidajensu ranar da ta kwanta.

Bayanin dabarar kuwa shi ne, injin iska mai dogayen fukafukai yana ba da wutar lantarki muddin iska na juya shi, amma ita iska ba ta san lokacin bukatar mutane ba, takan yi ƙarfi da tsakar dare sa'ad da gari ya yi barci, ta kuma ɗauke da magariba sa'ad da kowa ke neman haske. Saboda haka sai a bi da rarar wutar ta cikin ruwa, ruwan ya rabu gida biyu, oksijin da haidurojin, kamar yadda Nicholson da Carlisle suka gano a Ingila a 1800. Daga lita 9 ta ruwa akan sami kilo 1 na haidurojin, a matse shi cikin tankuna, in iska ta yi shiru a sake haɗa shi da oksijin, wuta ta dawo, abin da zai saura kuwa ruwa ne kawai. Wani malamin makaranta a Denmak, Poul la Cour, ya kafa injin iska a garin Askov a 1891, daga 1895 zuwa 1902 kuma da haidurojin ɗin da ya tara ake kunna fitilun makarantar. A 2004 aka jarraba haka a tsibirin Utsira na ƙasar Norwe, inda gidaje 10 suka riƙa samun wuta ta wannan hanya.

To, wanda ya dubi al'amarin da idon basira zai ga cewa ɗan Adam bai mallaki iska ba, bai kuma kusa mallakarta ba. Annabi Sulaimanu, alaihissalamu, shi aka hore wa iska tana tafiya da umurninsa, wannan kuwa mu'ujiza ce da ba ta gadon kowa. Abin da aka bar wa sauran bayi shi ne tafarkin Annabi Yusufu, alaihissalamu, wanda bai hana shekarun fari zuwa ba, amma ya yi wa Misira shawarar ta ajiye hatsin shekaru bakwai na yalwa cikin zangarniyarsa. Tankin haidurojin, in an bi diddigi, rumbu ne, ba kuwa mai gina rumbu sai wanda ya sallama cewa damina ba a hannunsa take ba. Ashe ke nan tanadi iƙirari ne da gajiyawar bawa, wanda shi ne tushen tawakkali. Ya kuma tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, yakan keɓe wa iyalansa abincin shekara.

Mai jayayya yana iya cewa akwai almubazzaranci a ciki, tun da yake wajen juya wuta ta zama haidurojin, da sake juyo ta, fiye da rabinta yakan salwanta. Gaskiya ne, amma wutar da ake magana a kai rara ce wadda, in ba a adana ta ba, dole a tsai da injin, iskar ta wuce a banza, tsira da kashi ɗaya cikin uku kuwa ya fi asarar duka. Inda haɗarin yake na haƙiƙa shi ne niyya, domin shari'a ta raba tanadi da ɓoye kaya: na farko don kada jama'a su rasa, na biyu don su rasa har farashi ya hau.

Saboda haka hukuncin a fili yake. Ajiye ƙarfin iska riƙo ne da sababi, bai saɓa wa tawakkali ba, matuƙar zuciya ta dogara ga Mai aiko da iskar, kuma abin da aka tara ya isa ga mabukata a ranar ƙunci.