Gyaran Gidan Waƙafi a Wuyan Wa Yake?

A watan Nuwamba na 1997 Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin ciniki, ba ta kuma janye shi ba sai Oktoba na 2017. Duk wanda ya riƙe shagon kwamfuta a Hartum ko Omdurman a tsakanin nan ya san yadda abin yake a aikace: ga kuɗinka a hannu, mai kaya ya ce dokar ƙasarsu ta hana shi sayar maka. Shi ya sa a lokacin a kasuwar Suk Arabi ake baza faifan Windows na kwafi a fili, kusa da cajar waya da batura, mai sayarwa bai ji kunya ba, mai saye bai waiwaya ba.

Na yi shekaru da ɗan shagona a Omdurman, ina buga wa ɗalibai kundin bincike. Galibinsu 'yan Jami'ar Musulunci ta Omdurman ne, sai 'yan Najeriya da Nijar da kan tsallako gada daga Jami'ar Afirka don sun ji ina buga Hausa da ajami. Ɗaliban shari'a kuwa ba sa zama ba gardama. Wani zai kawo hukuncin Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, wadda ta zauna a Kuwait a Disamba na 1988 ta tabbatar cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa. Wani ya ce ai wannan ga mai kayan da ya yarda ya sayar ne, wanda ya rufe maka ƙofa fa? Na uku ya ce larura. Na huɗu ya tambaye shi ko wasan ƙwallon da ya sa a kwamfutarsa shi ma larura ne. A yi dariya, a aika wa mai shayi.

Ni dai ban so cin abincina ya dogara a kan mas'alar da ba a gama warwarewa ba. Ga kuma ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke shigowa cikin filashin kowane ɗalibi. Sai na koma Linux, manhajar da ake bayarwa kyauta a madadin Windows.

Abin da ya ja hankalina shi ne yadda aka tsara kyautar. Linus Torvalds ya fara rubuta Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, ya kuma ɗora shi a kan lasisin GPL da Richard Stallman ya fara fitarwa a 1989. Marubucin manhaja bai saki mallakarsa ba, tana nan da sunansa. Amfanin ya sakar wa kowa: ka yi aiki da ita, ka kwafa, ka buɗe cikinta, ka canza. Sharaɗinsa ɗaya ne mai nauyi, in ka rarraba abin da ka canza, ka rarraba shi a buɗe yadda ka same shi. Wanda ya zauna gaban malamin Malikiyya ya san wannan siffa. A mazhabarmu, wadda ita ce ta mafi yawan mutanen Sudan, asalin abin da aka yi waƙafi yana nan mallakin mai shi, amfaninsa ne ya fita, kuma ana bin sharaɗin mai waƙafi muddin bai saɓa wa shari'a ba. Ba ni na fara lura da wannan ba. Masu Ojuba, wani Linux na Larabci da aka haɗa a Jodan, har lasisi suka rubuta suka sa masa suna Waƙafi.

Takunkumin ya taɓa har wannan kyauta. A Janairu na 2010 SourceForge, ɗaya daga manyan rumbunan manhajojin kyauta a lokacin, ya toshe wa Sudan hanya tare da Iran da Siriya da Kuba da Koriya ta Arewa. Sai dai faifan da ya riga ya shigo gari ya shigo, kuma izinin kwafarsa daga bakin masu shi ya fito. Muka yi ta ba juna hannu da hannu.

To, amma zama a cikinsa sai mai haƙuri. Wutar lantarki ita ce ta farko. Kana tsakiyar sabunta manhajoji, ana cikin zafin watan Mayu, sai fanka ta tsaya. In wuta ta dawo ka kunna, allo baƙi ƙirin, sai 'yan haruffa farare da ɗan layi yana ƙifta ido. Mai kundi yana tsaye a kanka, gobe ne ranar miƙawa. A nan za ka rubuta fsck, ka nuna masa ɓangaren faifan da ya rikice, ka yi ta danna y yana tambayarka ko ya gyara. In ta tashi amma ta ƙi karɓar sabuwar manhaja, akwai wani gajeren umarni na dpkg da ke ƙarasa aikin da wuta ta katse. Sai ƙurar guguwar habub, mai toshe fankar cikin na'ura har ta yi zafi ta kashe kanta, mutum ya yi ta zargin manhaja alhali buroshi kawai ake bukata. Sai firintar da kamfaninta bai yi mata direba na Linux ba. Sai Larabcin da ya ƙi tafiya daga dama zuwa hagu a LibreOffice har sai ka shiga saiti ka kunna masa. Ƙ da ɗ da ɓ kuwa suna nan, akwai tsarin madannai na Hausar Najeriya har da na Gana, amma ba wanda zai gaya maka sai ka tona. A 2017 cibiyar SIL ta fitar da Alkalami, haruffan ajami irin rubutun Kano, su ma kyauta. Ranar da na buga wa wani dattijo wasiƙa da su ya daɗe yana juya takardar, ya ce wannan hannun mutanen gida ne.

Wani abokin ciniki da na sa wa Linux ya dawo da kwamfutarsa a fusace, sauti ya ɗauke. Ya ce, "Ustaz, wanda ya yi abin nan, ina ofishinsa? Wa zan kai wa ƙara?" Na ce babu. Lasisin ma ya faɗa da manyan baƙaƙe cewa ba garanti, in ta lalace gyara naka ne. Ya ce to wannan wace irin kyauta ce, a ba ka abu a ce in ya cuce ka kai ka sani?

Tambayar ta zauna mini, don ba ta wauta ba ce. Na kai ta wurin wani tsohon malami a unguwar Mayo, cikin Hausawan da kakanninsu suka taso da niyyar hajji a ƙafa suka yada zango a nan. Bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, in mutum ya yi waƙafin gida don a zauna, rufi ya fara yoyo, wa zai gyara?" Ya sa aka miƙo masa Muhtasar na Shehu Halil, ya buɗe babin hubusi, wato waƙafi, ya fassara mini. Abin da na riƙe shi ne: in waƙafi yana kawo kuɗi, da gyaransa ake farawa kafin a raba wa kowa ko sisi, ko da mai waƙafin ya ce a yi akasin haka. In kuwa gida ne na zama, mazaunin shi zai gyara. In ya ƙi, a fitar da shi, a ba da gidan haya, a gyara da kuɗin hayar, sannan ya dawo. Ya rufe littafin ya ce, "Ɗana, wanda ya gina ya ba ka ya gama nasa. Kada ka bi shi kabari da kukan yoyo."

Na ga wannan hukunci yana aiki a ranar Laraba 1 ga Nuwamba, 2017. Tun Janairu na 2000 gwamnati ta tura agogon Sudan gaba da awa ɗaya, abin da ake kira bukur, wai don a riƙa sammakon aiki. A wannan dare aka mayar da shi baya, ƙasar ta koma awa biyu gaban agogon GMT. Da safe kwamfutocin da ba a sabunta ba suka tashi da tsohon lokaci. Mutane suka yi abin da hankali ya fara ba su, suka ja agogon baya da hannu. Wasu da zarar sun hau intanet sai ya koma inda yake. Wani maƙwabcina mai manhajar kiran salla, nasa ya zauna, amma manhajar tana nan tana lissafi da tsohon yanki, sai ga kiran magariba ya fito daga shagonsa mutane sun daɗe da sallamewa, ana shirin isha'i. Yara suka samu abin dariya.

Maganin ɗan ƙaramin kunshi ne mai suna tzdata, inda aka tara lokutan garuruwan duniya da tarihin canje-canjensu. Arthur David Olson ya fara tara shi a shekarun 1980, Paul Eggert na Jami'ar Kalifoniya a Los Anjeles ya daɗe yana kula da shi. Tun 20 ga Oktoba, kafin ranar ta zo, an riga an fitar da sabon kunshi mai ɗauke da canjin Hartum, domin labari ya isa gare su daga Sudan, sun duba, sun shigar. Wanda ya sabunta na'urarsa bai ma san an yi wani abu ba. Wanda ba shi da intanet mai ƙarfi muka zaɓar masa Alƙahira na wucin gadi, tunda agogonsu ya zo ɗaya da namu. Wanda ya aika da labarin nan zaune yake a gidan kamar mu, ya ga inda zai yi yoyo, ya faɗa tun damina ba ta sauka ba.

Kwatancin yana da iyaka, kuma ɗaliban shari'ar nan ba su bar ni na manta ba. Gida yana tsufa da zama, manhaja kuwa ko mutum miliyan ya kwafa ba ta ragu ba. Lalacewarta daga waje take zuwa: sabuwar firinta, sabon agogo, sabuwar doka. Sannan babu alƙalin da zai fitar da wanda ya ƙi gyara. Saboda haka ban ce wajibi ne a kan kowane mai kwamfuta ya iya fsck ba. Sakatariyar da ke son buga wasiƙa ta tafi gida ba ta yi laifin komai ba don ba ta san dpkg ba. Abin ya fi kama da farilla ta kifaya: in wasu a unguwa sun iya, sun kuma tsaya, an ɗauke wa saura. In duk suka noƙe, to kowa ya koma Suk Arabi ya sayi faifan da ake gardama a kansa, kuma alhakin wannan komawa yana kan waɗanda suka iya.

A nan ne nake da magana da 'yan'uwana masu gyara. Karɓar ladan aiki halal ne, ni ma da shi na ci abinci, kuma lasisin bai hana ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya juya allo don kada mai kwamfuta ya ga abin da ya rubuta, saboda gobe ya dawo ya sake biya. Umarnin nan wani ne ya rubuta shi ya bayar, wani ya yi bayaninsa ya bayar, kai ma a kyauta ka tsince shi. Gargaɗin da ya zo a hadisi kan wanda aka tambaya ilimi ya ɓoye sananne ne. Malamai sun fi fassara shi da ilimin addini, ban kuma ja da su ba, amma ban ga yadda mai juya allo zai karanta shi hankalinsa kwance ba. Akwai kuma mai wulaƙanta mai tambaya, ya ce masa je ka karanta, alhali abin da za a karanta da Turanci yake, shi kuwa Larabci da Hausa ya iya.

Ni abin da na iya shi ne littafin rubutu mai bango mai kauri da na ajiye a kan teburin shago. Kowace matsala aka warware sai a rubuta alamarta da maganinta, Hausa a shafin hagu, Larabci a na dama, umarnin kuma da haruffan boko yadda yake, don ko ɗigo ɗaya ya ɓace ba zai yi aiki ba. Wanda ya so ya ɗauki hotonsa da waya. Ya yi rana a 2019, lokacin da aka katse intanet daga farkon Yuni har 9 ga Yuli, ba inda za ka tambaya sai wanda ke kusa da kai. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya watsa mu, wasu Madani, wasu Masar, wasu Kano. Har yanzu wani tsohon ɗalibi da ke koyarwa a Maraɗi yakan turo mini hoton shafi daga ciki, ya ce wannan umarnin ya daina aiki a sabon fitowa, me ya maye gurbinsa. In na sani in faɗa masa, in ban sani ba mu nema tare, shi kuma ya gyara a nasa kwafin.